Fim Ɗin Tarwada Da Gardamar Da Ya Tayar

A wannan mako filin namu zai ƙetare teku ya leƙa gidajen silima na Amurka, domin mu duba wani ƙaramin fim wanda wasu samari uku suka yi da 'yan na'urorin ɗaukar hoto na hannu, amma ya tayar da ƙurar da manyan finafinai masu cin miliyoyi ba su tayar ba. Sunan fim ɗin da Turanci Catfish, watau tarwada, kifin nan mai gashin baki da santsin jiki wanda kowa ya sani. An fara nuna shi cikin watan Janairu na 2010 a bikin finafinai na Sundance, a garin Park City na jihar Yuta, inda masu shirya fim da kuɗin aljihunsu, waɗanda ba wani babban kamfani da ya tsaya musu, sukan kai hajarsu su baje ko Allah ya sa su sami mai saye. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, a ganina yawancin masanan da suka yi sharhi a kan fim ɗin sun bar jaki sun koma dukan taiki. Amma kafin mu kai ga taikin, bari in ba ku labarin jakin.

Akwai wani saurayi mai sana'ar ɗaukar hoto a birnin Niyu Yok, sunansa Nev Schulman, a lokacin yana da shekara 24. Ofishinsu ɗaya da wansa Ariel Schulman da abokinsu Henry Joost, su kuma waɗannan biyu sana'arsu shirya fim. Cikin 2007 wata jarida ta buga wani hoton 'yan rawa da Nev ya ɗauka. Bayan 'yan watanni sai ga ƙunshi ta gidan waya daga wani ƙaramin gari can arewacin jihar Mishigan, a ciki an zana hoton nan nasa da fenti, aka ce wata yarinya 'yar shekara 8 ce ta zana. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Ya shiga musayar saƙo da yarinyar ta Facebook da iznin uwarta, daga nan ya san uwar, ya san uban, ya san 'yan'uwa da abokan gidan, kowa da shafinsa da hotunansa, suna ta hira da juna yana gani. Cikinsu akwai yayar yarinyar, budurwa 'yar shekara 19, kyakkyawa, wadda aka ce tana waƙa tana kuma kiwon dawaki. Kafin a ce haka soyayya ta ƙullu tsakaninsu, kullum dare suna kan waya, alhali ko sau ɗaya ido bai ga ido ba.

To, masu magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran nan samarin suna jihar Kolorado wajen aikin ɗaukar wani bikin raye-raye, budurwar ta aiko wa Nev waƙoƙi ta ce ita ta rera dominsa. Da suka bincika sai suka tarar da waƙoƙin nan a YouTube, da muryoyin wasu mawaƙa dabam, ba a canza ko numfashi ɗaya ba. Suka ƙara tonawa, suka ga gidan da aka ce yarinyar tana baje zane-zanenta a ciki kango ne, an daɗe ana neman mai saye. Maimakon su yanke hulɗa, sai suka ɗauki na'urorinsu suka nufi Mishigan ba sallama. Suka isa gonar dawakin da budurwar ta ce tana zaune cikin dare, ba kowa ba komi, sai katunan da Nev ya aiko mata jibge cikin akwatin wasiƙu.

Da gari ya waye suka je gidan iyayen, aka buɗe musu ƙofa. Wadda ta buɗe wata mace ce mai kimanin shekara 40, ba ta yi kama da hoton da ke shafinta ba ko kaɗan. Tana zaune da mijinta da 'yar ƙaramar yarinyar, da kuma tagwayen 'ya'yan mijin masu naƙasa mai tsanani, waɗanda ita ce mai ciyar da su da yi musu wanka dare da rana. Sannu a hankali magana ta fito. Ita ce mai zanen. Ita ce budurwar, ita ce abokan budurwar, ita kaɗai ke juya shafuka wajen 15 da wayoyi biyu, hotunan kuwa na wata baiwar Allah ne can wata jiha wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Cikin wata tara ita da Nev sun yi musayar saƙonni fiye da 1,500. Ta zauna gaban na'ura tana hawaye ta amsa laifinta, ta bayyana cewa mutanen nan da ta ƙaga gutsattsarin kanta ne, na abin da ta taɓa zama da abin da ta so zama bai yiwu ba.

Sunan fim ɗin daga bakin mijin ya fito. Ya kawo wata almara, wai a da in za a kai wani kifin teku da ransa daga Alaska zuwa ƙasar Sin, irin wanda busasshensa ake kawo mana daga Norway mai tauri kamar itace, kafin a isa sai namansa ya saki don zaman banza cikin randa. Sai wani mai dabara ya ce a jefa tarwada a ciki ta dinga tsokanarsu, su dinga motsi, namansu ya yi kyau. Ya ce haka wasu mutane suke a rayuwa, su ne ke hana ka gyangyaɗi, shi kuwa yana godiya da samunsu.

Iyakar labarin ke nan. To, mene ne masana suka ce?

Tun a zauren da aka fara nuna shi aka fara ɗaga gira. Kashi na farko na masu sharhi suka ce sam wannan abu shiri ne, ba yadda za a yi ya zama gaskiya. An ruwaito cewa marigayi Morgan Spurlock, wanda ya yi suna da fim ɗinsa na Super Size Me a 2004, ya yaba wa masu fim ɗin a kan cewa sun iya shirya ƙarya ta yi kama da gaskiya. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce. Suka ce me ya sa aka fara ɗaukar Nev tun kafin a san labarin zai yi daɗi? Kuma ta yaya samarin birni masu ilmi, waɗanda kwamfuta ce abincinsu, za su yi watanni ba su bincika sunan yarinyar da aka ce zanenta na cin dubban daloli ba? Samarin suka amsa cewa su ɗabi'arsu ce ɗaukar komi na zamansu na yau da kullum, kuma mai so ba ya bincike. Ga shi kuma shekarar ta zo da zato. A wannan biki na Sundance aka nuna Exit Through the Gift Shop na mai zanen bangon nan na Ingila da ke ɓoye fuskarsa, Banksy, wanda shi ma aka yi ta musu a kansa. Sa'an nan cikin watan Satumba na 2010, watan da Catfish ya fita kasuwa, Casey Affleck ya fito ya amsa cewa fim ɗinsa I'm Still Here, wanda ya nuna ɗan wasa Joaquin Phoenix yana lalacewa, wasa ne aka shirya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kashi na biyu suka karɓi labarin a kan gaskiya ne, suka kuma yaba. Marigayi Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times, wanda a zamaninsa ba wanda ake jin maganarsa a kan fim kamarsa a Amurka, ya ba shi tauraro uku cikin huɗu. A. O. Scott na jaridar New York Times ya kushe aikin ta fuskar sana'a, ya ga an yi shi da garaje, amma duk da haka ya yarda cewa abin kallo ne da ke nuna halin zamani. In aka haɗa ra'ayoyin duka, wajen huɗu cikin biyar na masu sharhi sun yaba, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala miliyan 3, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga aikin da aka yi da na'urar aljihu. Cikin watan Oktoba na shekarar matar da kanta ta bayyana a shirin 20/20 na gidan talbijin ɗin ABC ta tabbatar da cewa ita ta yaudari saurayin. Wannan ya rufe bakin masu cewa 'yar wasa ce aka yi haya, ko da yake bai rufe bakin masu cewa samarin sun gano bakin zaren tun da wuri suka yi shiru don labari ya nuna ba.

Kashi na uku su ne 'yan kaɗan, kuma a ganina su suka fi kusa da jakin. Suka ce ko gaskiya ne ko shiri ne, ina dacewar samari uku 'yan birni masu gata su dira gidan mace mai rauni, su ɗauki hawayenta da 'ya'yan mijinta naƙasassu, su kai kasuwa? Suka kuma nuna yadda kamfanonin da suka sayi fim ɗin suka tallata shi kamar fim ɗin ban tsoro, ana roƙon wanda ya gani kada ya gaya wa kowa ƙarshensa. Mutane suka biya kuɗi suka shiga suna jiran dodo ya fito da gatari daga gonar dawaki. Dodon da ya fito kuwa, mace ce mai wanke-wanke da jinya.

Yanzu ga nawa ra'ayi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Gardamar ko fim ɗin gaskiya ne ko ƙarya ta cinye tawada da takarda masu yawa, amma ko da an gama ta ba abin da za ta ƙare mu da shi. A ce samarin sun sani tun wata na biyu suka yi kamar ba su sani ba. Wannan zai rage musu mutunci, lalle, amma ba zai rage ko ɗaya daga cikin shafukan nan 15 ba. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: me zai sa mace mai miji, mai 'ya'ya, wadda gidanta bai rabu da motsi ba, ta ƙagi gari guda na mutanen ƙarya don ta sami wanda za ta yi hira da shi? Ku lura fa, ba budurwa kaɗai ta ƙaga ba. Ta ƙaga mata ƙawaye da 'yan'uwa masu yi mata ba'a da yabo, ta raba dare tana rubuta tambaya da wannan suna tana amsawa da wancan. Mai neman cuta ba ya wahalar da kansa haka. Mu a ƙasar nan mun san masu yaudarar soyayya ta intanet, waɗanda suka ɓata mana suna a duniya, mun kuma san cewa saƙonsu na ƙarshe kullum lambar asusun banki ne. Ita wannan ba asusun saurayin ta nufa ba, ita ce ma ke biyan kuɗin gidan waya tana aika masa zane. Abin da take nema shi ne wani ya ga aikin hannunta ya ce madalla, ya kira ta da dare ya tambayi yadda ta wuni.

Kaɗaici iri biyu ne. Akwai na wanda ke zaune shi kaɗai cikin ɗaki, wannan kowa na iya ganinsa ya tausaya. Akwai kuma na wanda ke tsakiyar jama'a, kowa na bukatarsa, ba mai tambayarsa shi me yake bukata. Wannan na biyun ya fi cin rai domin ba ya da alama, kuma shi ne fim ɗin ya kama, ko da gangan ko da tsautsayi. Mai jinyar da ta shekara goma ba ta yi barcin kirki ba, duk wanda ya zo gaisuwa majinyacin yake tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke ta ne. Abin da ta yi zalunci ne. Ta yi wasa da zuciyar yaron da ta girme wa nesa ba kusa ba, ta saci fuskar wata ta yi zance da ita, ta jingina ƙarya ga 'yar cikinta mai shekara 8, ta kuma ɓoye wa mijinta ainihin abin da ke tsakaninta da baƙon. Kai, har ta gaya wa samarin tana fama da ciwon daji, daga baya aka ga ba haka ba ne. Kaɗaici yana bayyana dalilin laifi, amma ba ya shafe shi. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi ma saurayin ya ga abin da ransa ke son gani ne. Budurwar da ba ta taɓa samun damar nuna fuskarta ba cikin wata tara, ai ko yaro ya san da walakin, goro a miya. Amma yabon da yake sha ya yi masa daɗi, ga 'yan'uwansa riƙe da na'ura suna zuga shi. A tsakiyar birnin da ke da mutum fiye da miliyan 8, shi ma sai da ya miƙa hannu ɗaruruwan mil kafin ya sami wadda zai buɗe wa cikinsa. Ashe masu kaɗaicin biyu ne.

In za a yi adalci, dole a faɗi cewa da suka gano gaskiya samarin ba su ci mutuncinta ba. Nev ya zauna ta zana hotonsa, ya yi mata tambayoyi cikin ladabi, suka rabu ba zagi. Wannan rabin sa'a na ƙarshe shi ne darajar fim ɗin, kuma shi ne wurin da masu talla suka yi masa rashin adalci. Amma a duba yadda aka raba ganima. Joost da Ariel Schulman, shekara guda bayan haka, an ba su aikin shirya Paranormal Activity 3, babban fim na ban tsoro. Nev ya sami shirin talbijin a tashar MTV daga watan Nuwamba na 2012, shi da abokinsa Max Joseph, suna bin sawun masoyan intanet suna tona wanda ya yi ƙarya, shirin kuma ya yi fiye da shekara goma ana nuna shi. Ita kuwa ta koma ɗakin jinya, sai dai yanzu duniya ta san asirinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne makomar kalmar kanta. A bakin mijin, tarwada yabo ce, sunan wanda ke motsa ka ka rayu. Da ta shiga bakin duniya sai ta juye ta zama zagi. Cikin watan Janairu na 2013 aka gano cewa budurwar da wani shahararren ɗan ƙwallon Amurka na Jami'ar Notre Dame, Manti Te'o, ya yi ta makokin mutuwarta, ba a taɓa haihuwarta ba, wani ne ya ƙage ta ya yaudare shi. Nan da nan jaridu suka ɗauki kalmar, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da sabuwar ma'anarta a 2014, watau mai buɗe shafin ƙarya don ya yaudari wani. Duniya ta sama wa maƙaryacin suna, ta sama masa shirin talbijin, amma ciwon da ya haifi ƙaryar sai da aka daɗe kafin hukumomi su waiwaye shi. Sai a 2018 gwamnatin Ingila ta naɗa minista mai kula da sha'anin kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021, sa'an nan a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasarsu. A 2010 ɗin nan da Facebook ke murnar cika mutum miliyan 500, kuma David Fincher ya fitar da The Social Network a kan attajiran da suka kafa shi, wannan ƙaramin fim ne ya leƙa ɗaya ƙarshen wayar ya nuna wadda ke zaune a can cikin dare.

To, mu ina ruwanmu? Ruwanmu da yawa. Zumunci da wanda ba ka taɓa gani ba ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawa sun tuna zamanin abota ta wasiƙa, da zamanin Zaɓi Sonka a gidan rediyon Kaduna, inda mutum zai shekara yana gaida wani ta kati bai san kamanninsa ba. Amma a wancan zamani ƙarshen abin shi ne a shiga mota a je a ga juna, a ci tuwo akushi ɗaya, iyali su san iyali. Yau waya tana cikin kowane ɗaki, tana kuma ba mutum damar ya zama wanda ya ga dama ba tare da ya taka ƙofar gida ba. Sau da yawa mukan yi alfahari cewa kaɗaici ciwon Turawa ne, mu muna da dangi da maƙwabta. Ina roƙon mai wannan alfahari ya tuna cewa matar nan ma da danginta, gidanta kuma cike yake. Ya duba gidansa. Akwai amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun asuba sai dare. Akwai wadda ke jinyar tsohuwa shekara da shekaru, 'yan'uwa sai dai su aiko kuɗin magani. Akwai ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal wanda in ya rufe rumfarsa ba mai kiran sunansa sai wayarsa. Waɗannan in mun bar su, wani zai same su, kuma ba lalle ne ya zo da na'urar ɗaukar hoto da ladabi ba.

Sabo da haka shawarata biyu ce. Ga samari da 'yan mata masu zance ta waya, gani ya kori ji: wanda ya ƙi a gan shi, ya ƙi a san gidansu, kullum da sabon uzuri, a ja jiki tun zuciya ba ta yi nisa ba. Ga sauranmu kuwa, in mun ji an tone asirin wani mai shafin ƙarya, kafin mu yi dariya mu tambayi kanmu yaushe rabon da mu zauna da na cikin gidanmu mu ji damuwarsa. Zumunta a ƙafa take, haka iyayenmu suka ce, kuma har yau ba a ƙera wayar da ta ƙaryata su ba.

Allah ya kiyashe mu da yaudara, ya kuma sa mu zama masu lura da na kusa da mu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.